Motar da Muke Aunawa da Juma'a

Ina ganinku kuna taɓa juna kuna dariya duk sanda na jawo littafin nan daga ƙarƙashin benci. Ku yi ta yi. Ku da kuke soka waya a jikin mota na'ura ta faɗa muku inda ke mata ciwo, dole ku ɗauki rubutu a karne, littafin aikin mota, a matsayin aikin wanda ƙarfinsa ya ƙare. Jiya ma na ji ɗayanku yana cewa Baba Tanimu ya ajiye sifana ya koma malanta. To ku jawo benci, injin da kuka buɗe bai huce ba tukuna. Karnen nan na mota ɗaya ne tak, Tantabara, motar Alhaji Isyaku Tela. Akwai shekarar da saura ƙiris in tattara kayana in bar Briqueterie, Birik ɗin nan tamu ta Yaoundé, da sunan ɓarawon kayan mota, kuma littafin nan ne ya shigar da ni, shi ya fitar da ni.

Aikin da ya koya mini rubutu wata tsohuwar taksi ce, a garejin maigidana Pa Mbarga da ke unguwar Madagascar, ina shekara ta biyu da fara koyo. Mu biyu aka sa mu yi mata bidanj, a zubar da tsohon mai a zuba sabo. Na kwance ƙusar ƙasa, mai ya tsiyaye, na mayar na ɗaure, sai aka aike ni. Na ɗauka abokin aikina zai zuba sabon, shi kuma da ya ga an ɗaure ya ɗauka na zuba. Mai taksi ya zo ya ja abarsa, bai kai kasuwar Mokolo ba injin ya kafe. Pa Mbarga bai taɓa lafiyata ba. Guntun alli ya miƙo mini ya nuna bango, ya ce daga yau duk abin da hannuna ya yi wa mota in rubuta shi kafin in wanke hannun. Lokacin ban iya boko ba, sai na rubuta da ajami. Ya tsaya yana kallon rubutun yana tafiya daga dama zuwa hagu, ya ce shi ba ruwansa ko daga sama yake saukowa, in dai zan iya karanta masa. Shekara biyar ina cika bangon nan damina tana wanke mini, har na gaji na sayi littafi.

Ranar da aka fara kawo mini Tantabara, turo ta aka yi. Motar Faransa ce ta zamanin da, fara mai ɗan toka-toka, da dogon hanci, giyarta a jikin sitiyari. Ta girmi kowannenku, wasunku ma ta girmi iyayenku. Mai ita, Alhaji Isyaku, dogon mutum ne wanda duk Birik ta san hannunsa a aikin babbar riga, kuma bayan allura ba abin da yake so a duniya kamar motar nan. Gidansa yana cikin lungun da ko baro sai an karkata shi, saboda haka ya kama mata ɗaki a saman wani tudu a Nkomkana. Juma'a kaɗai yake fito da ita. Sauran kwanaki taksi yake shiga ko ya taka da ƙafa kamar kowa. Ba mahaluƙin da ke taɓa sitiyarinta. Ni kaina da nake gyara ta, in za a gwada, shi ke tuƙi ina gefe ina kasa kunne.

Ciwon ranar ba wani babba ba ne, datti ne ya toshe mata hanyar fetur. Amma ina cikin dubawa na ga kontar, agogon da ke ƙirga tafiya, ya mutu. Na ce bari in nemo wani a wurin masu fasa motoci.

Ya ce, «Na wata motar? Da tafiyar wata a cikinsa?»

Na ce, «To Alhaji, da me zan san lokacin bidanj?»

Ya ce, «Da ta faɗi na wata gara ta yi shiru. Tafiyarta ɗaya ce, Tanimu. Daga Nkomkana zuwa masallaci, daga masallaci in tsaya majalisar masu tsire a gaisa, in zaga ta Mokolo, in dawo. Ƙirga Juma'a.»

Haka aka yi. Motocin duniya da kilomita ake auna su, Tantabara da Juma'a. Bidanj Juma'a ashirin da shida, buji, wato fulogi, kaza, taya kaza, duk a haka na tsara su.

Kowace Juma'a da hantsi nake hawa tudun nan da karne a hammata. Sai in zaro sandar awon mai in ɗiga ɗigo ɗaya a gefen shafi. Ku duba nan, kun ga jerin tabon da ya sauko? Na sama kalar zuma, yana tafiya yana duhu, na ƙasa baƙi, daga nan an yi bidanj, a koma zuma. Taya kuwa tsinken ashana nake sokawa a cikin zanenta, in danne da farce, in auna a rubuta. Daga nan in zaga motar tafin hannuna a jikinta, don hannu yana jin karcen da ido ke tsallakewa. A shafin ƙarshe na zana motar, zanen da duk wanda ya gani sai ya ce kwale-kwale ne, duk sabon karce in sa masa ɗigon biro a inda yake. Ƙarshen wata Alhaji ya karanta ya sa hannu. Ba na rubuta aiki kafin in yi shi, ba na yage shafi, abin da ban gani da idona ba ba ya shiga, wanda na gani kuwa ba ya kwana a waje. Rubutun kansa minti biyar ne, shi ya sa kuke raina shi. Ku bari sai ranar da abin da kuka gani ya zama wanda mai mota ba ya son ji.

Aikin da ya jawo mini masifa na ambireyaj ne, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke cewa kuloci. Na farkon da na tarar a motar ya yi mini Juma'a sama da ɗari huɗu kafin ya gaji. Sabon farantin sai da Alhaji ya yi wata uku yana jira, wani ɗan kasuwa ya samo masa a Douala, a kwalinsa. Kwana biyu na yi a ƙarƙashin motar, na sauke akwatin giya, na sa, na mayar, na rubuta. Juma'a goma sha huɗu bayan nan Tantabara ta fara ihu a tudu ba ta gaba, ga wari kamar an bar tukunya a wuta. Na buɗe na tarar farantin ya cinye har ƙusoshinsa sun fito.

Alhaji ya ce in karanta masa ranar da na sa. Na karanta.

Ya ce, «Na farko ya yi Juma'a nawa?»

Na faɗa masa.

«Wannan fa?»

«Goma sha huɗu, Alhaji.»

Ya ce, «To ko karne ya yi ƙarya, ko mai karne.»

Bai ɗaga murya ba. Da la'asar a majalisar masu tsire abin da kawai ya ce shi ne, shi dai sabo ya saya, bai san abin da aka sa masa ba. A Birik wannan ya isa. Kafin sati ya zagayo, mahautan da ke kawo mini akori-kurarsu sun ɗauke ƙafa. Wani mahauci ya zo ya janye motarsa aiki rabi. Wani ya kawo tasa, ya ja kujera ya zauna a kaina yana ƙirga ƙusoshi. Wata biyu ba abin da nake yi sai sharar gareji, in share in sake sharewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara tambayar kuɗin motar Ngaoundéré in bar gari. Alhaji kuwa bai karɓe karnen ba, ya ce in ci gaba da zuwa kafin ya sami wani makanike. Na kai tsohon farantin aka sake masa fata, na mayar, na ci gaba da hawa tudu ran Juma'a muna gaisawa sama-sama.

Rashin aiki ne ya sa wata rana da azahar na zauna na bi karnen tun daga shafin farko. Sai idona ya tsaya a kan ɗigon mai. Shekara da shekaru man yana ɗaukar rabin shekara kafin ya yi baƙi, amma a 'yan watannin nan tun Juma'a ta takwas ya koma kamar tawada. Na ce to, a ce ni na sa tsohon faranti, man fa, ni nake baƙanta shi? Na duba awon ashana, tayoyin ma sun ci fiye da ƙa'ida. Motar nan tana wata tafiya da ba ta cikin littafi. Juma'ar da ta biyo na tsuguna na leƙa ƙarƙashin kujerar direba. Kujerar tana inda Alhaji ke barinta, amma man girisin da ke kan layinta an ture shi gaba har wuri uku, ƙarfen yana ƙyalli. Wani gajere yana matso da ita, in ya gama ya mayar.

Akwai wata tsohuwa mai soya makala, fanken nan namu, a gaban ɗakin motar. Na sayi na ci, na tambaye ta. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in zo ran Talata da hantsi, zan ji kafin in gani.

Gaskiyarta. Tun daga gindin tudu na jiyo Tantabara tana kururuwa. Na tarar da ita a tsakiyar hawa, tana ja da baya a hankali, warin ambireyaj ya cika unguwa, can ta yi tari ta mutu. Na ƙwanƙwasa gilashi. Hadiza ce, babbar 'yar Alhaji, wadda ke aiki a kantin magani, yarinyar da na sani tun tana goye.

Ta ce, «Baba Tanimu.» Ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Na ce, «Ja birkin hannu tukuna, ki ɗauke ƙafarki daga kan abin nan, sai mu gaisa.»

Ta ja, ta fito. Ta ce tana da farmi, wato lasisi, ta yi makarantar tuƙi, amma da ƙaramar motar zamani aka koya mata, wannan kuwa giyarta ma ba a inda ta sani take ba. Makullin ajiya ta ɗauko a aljihun keken ɗinki, kuma duk fitar da ta yi sai ta cika fetur ɗin da ta ƙona.

Na ce, «'Yata, motoci sun ƙare a Yaoundé ne sai ta babanki?»

Ta ce, «Baba ba ya gani da idon dama. Na hagun ma ya fara bi. Tun bara likita ya ce ya bar tuƙi, ya ce mini in na kuskura na faɗa wa wani ba shi ba ni. Ɗinkin ma yanzu ma'aikatansa ke yi, shi dai yana riƙe da riga a cinya don kada a gane. Juma'ar da ta wuce saura kaɗan ya kwashe mai baro a Mokolo. So nake ranar da zai yarda ya sauka daga kujerar nan, ya tarar akwai wanda zai hau. In ba haka ba rufe ta zai yi, kuma ka san in ya rufe ta shi ma ya rufu.»

Na buɗe shafin ƙarshe. A shekara tara ɗigon karce biyar ne, nan ɗaya can ɗaya. A shekarar nan kaɗai goma sha ɗaya, duka a gefen dama. Na tuna kuma tun bara Alhaji ya daina karanta karne da kansa, kullum ya manto tabarau a gida, sai ya ce Tanimu karanta mini. Da hannuna na sa ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya, amma ban taɓa tsayawa na dube su tare ba. Kunya ta kama ni.

Ta ce, «Na ji abin da ake faɗa a kanka. Wallahi kullum sai in ce yau zan gaya masa, in na ga fuskarsa bakina ya mutu. Don Allah Baba Tanimu, kada ka rubuta.»

Na ce, «Ba zan bi shi gida in kai ƙararki ba. Amma na gani da idona, zai shiga karne, kuma ran Juma'a zai ce in karanta. Kina da kwana uku. Yanzu koma ciki, don ba zan iya tsayawa ina shaƙar warin nan ba.»

Nan na koya mata tashi a tudu. Birkin hannu a sama, ki saki ƙafar hagu a hankali har ki ji injin ya sauke murya, hancin motar ya ɗan ɗaga, sannan ki sauke birkin. Sau huɗu ta mutu mata, har da na farkon da na tarar. A na biyar ta haye har ƙofar ɗaki, mai makala tana tafi da ludayi a hannu.

Juma'a ta zo, Hadiza ba ta iya faɗa ba. Ina hawa tudu na gan ta laɓe a bayan ƙyauren ɗakin motar, ta girgiza mini kai. Alhaji yana ciki da farar babbar riga, makulli a hannu. Na ɗiga mai, na soka ashana, na zaga da tafin hannu.

Ya ce, «Karanta.»

Na karanta na mai da na taya. Sannan na karanta, «Talata da hantsi, Tantabara ta fita. Direba Hadiza. Ta mutu sau huɗu a tudu, a na biyar ta haye. Ba wannan ce fitar farko ba. Abin da ya cinye ambireyaj ke nan.»

Alhaji ya daɗe yana juya makullin a hannunsa.

Ya ce, «Shafin baya fa, mai kwale-kwale?»

Na ce, «Karce goma sha ɗaya a bana.»

«Ta wane gefe?»

«Duka dama, Alhaji.»

Ya gyaɗa kai. Na jira faɗa, ban samu ba.

Ya ce, «Sau nawa ka ce ta mutu mata?»

«Huɗu.»

Ya ce, «Ni ranar da na sayo ta sau tara, a tudun nan. Tambayi mai makala.» Sai ya ɗaga murya. «Hadiza, tun ɗazu nake jin turarenki. Shigo.»

Ta shigo tana goge ido da bakin mayafi. Ya miƙa makullin, amma hannun ya tafi gefe, inda ba kowa. Ta matsa da sauri ta tara hannunta a ƙarƙashin nasa. Ya bi jikin motar da tafin hannu, ya zaga ta gaba, ya buɗe ƙofar dama ya zauna. Ya ce ni ma in shiga baya.

Ran nan duk wanda muka wuce sai ya waiwayo. Ta sauke mu a masallaci ta jira. Da aka idar ya ce ta tsaya a majalisar masu tsire, ya sauke gilashi, mutane suka taso.

Ya ce, «Jama'a, maganar da na yi a kan Tanimu, kuskurena ne. Sabo ya sa mini. Mu muka cinye shi a gida, ni da 'yata. Duk wanda ya kai waccan maganar wani wuri, ya ɗauki wannan ya kai ta can.»

Mahaucin da ya janye motarsa aiki rabi ya sosa ƙeya, ya leƙo ya ce mini ran Litinin da ƙarfe nawa nake buɗewa. Na ce masa ya zo da kujerarsa in yana so.

Da muka koma Nkomkana, Hadiza ta haye tudun ba tare da motar ta ko yi tari ba. Na buɗe karne a kan hancin motar, na ce, «Alhaji, na yau me zan rubuta?»

Ya ce, «Yadda kake rubuta na taya da na buji. An canza direba.»

Na rubuta. Ƙarshen wata ne, na miƙa masa biro ya sa hannu. Ya yi ta lalube, biron yana yawo a tsakiyar shafi bai sami layin ba. Sai ya ajiye shi, ya ce in zaro masa sandar awon mai. Ya shafa a babban yatsansa, ya miƙo mini hannun, ya ce, «Kai ka san wurin. Ɗora shi.»

Ga shafin nan. Layin da ke sama nawa ne, baƙin tambarin da ke ƙasa yatsan Alhaji ne. Kai mai dariyar, kana so ka riƙe ka gani? Je ka wanke hannunka tukuna.